Gashin cibiya ko man asibiti: wanne za a yi wa jariri?

'Yar uwa, barka da sauka lafiya, Allah Ya raya. Kin ce surukarki na son a riƙa gasa cibiyar yaron da tsumma mai ɗumi, a asibiti kuma an ba ki man shafawa, wanda aka rubuta Chlorhexidine a jikinsa, kina tambayar wanne ya fi.

Cibiyar da aka yanka ba ta rufe ba tukuna. Ta nan jaririn ya riƙa samun abinci daga mabiyiya wata tara, jijiyoyin jini ne a cikinta, don haka duk ƙwayar cutar da ta samu wurin tana iya zarcewa cikin jini.

Iyayenmu na ganin gashi yana busar da cibiya da wuri, kuma shi ya sa ake son sa: kowa na so ta faɗi kafin ranar suna. Amma ki dubi yadda ake yin sa. A ɗora tsumma a kan kasko ko bakin fitila, a danna a cikin yaro, gobe a sake ɗauko tsumman nan daga inda aka rataye shi. Fatar jariri ba ta da ƙwari, zafin da hannun babba yake ji daidai ne yana iya ƙona ta. Wasu kuma su bi da man shanu, toka, gishiri ko makilin. Babu ɗaya a cikinsu da aka tanada don buɗaɗɗen ciwo, kuma ta hanyar ƙazanta irin wannan tetanus, wato ciwon sanƙarewar jiki, ke kama jarirai.

Man asibiti kuwa aikinsa kashe ƙwayoyin cuta. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shafa shi a makon farko, musamman ga waɗanda aka haifa a gida a yankunan da ake yawan rasa jarirai, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka fara raba shi a Najeriya. Ki wanke hannu da sabulu, ki shafa a kan cibiyar da gindinta sau ɗaya a rana, ki naɗe kunzugu ya tsaya ƙasa da ita don kada fitsari ya taɓa. Kada ki haɗa shi da sifirit ko wani abu.

Abin da zai jawo miki surutu shi ne yakan sa cibiya ta ɗan ƙara kwanaki kafin ta faɗi. Wannan ba ciwo ba ne. Daga kwana biyar har mako biyu duk daidai ne. Ni dai man asibitin na zaɓa miki, ba tare da wata tantama ba. Hajiya kuma jikanta take ji, a lallaɓa ta, mai gidanki ko ungozoma su yi mata bayani, ya fi a ji daga bakinki.

Don Allah kada man nan ya kusanci ido. An samu yaran da suka makance saboda an ɗauka maganin ido ne, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2019.

Idan kika ga gefen cibiyar ya yi ja ko ya kumbura, tana wari ko fitar da mugunya, jikinsa ya yi zafi, ko ya daina kama nono, ku tafi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.