Tirelar tokumbo ko ta mai walda: wacce za ta ɗauki tsohon jirgin fiba?

Alhaji, barka da war haka. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da gari ya waye don in amsa a tsanake. Ga 'yan'uwa da ba su gani ba: Alhaji yana da tsohon jirgin ruwa na fiba a Yelwa ta Yawuri, irin na Amurka da ake jan masu wasan zamiya a kan ruwa da shi, mai inji a ciki, tsawonsa kamar ƙafa 19. Tirelar da ya zo a kanta tsatsa ta cinye ta. An yi masa tallar wata tokumbo daga Legas, wani mai walda kuma ya ce zai ƙera masa sabuwa, shi ne yake neman shawara.

Kafin mu je ko'ina, don Allah kada ka sayar wa 'yan gwangwan da tsohuwar. Ko ta zama ƙwarangwal, a jikinta awon jirginka yake, kuma duk wadda ka zaɓa cikin biyun sai an koma kanta da tef.

Dalili shi ne jirginka ba irin waɗanda muka saba gani a kwata ba ne. Namu na nan injinsu a baya ake rataya shi, in an zo gaɓa a ɗaga, cikin jirgi sumul. Su kuwa waɗannan na zamiya, irin su Ski Nautique da kamfanin Correct Craft ya fara fitarwa a 1961, da MasterCraft da aka kafa a 1968, injin mota ne mai silinda 8 zaune a tsakiyar jirgi. Sandar farfela ta huda cikin jirgin ta fito ta ƙasa, farfelar tana rataye a can, bayanta ga farantin ƙarfen da ke juya jirgi, a tsakiya kuma ga wasu ƙarafa biyu ko uku masu kama da ƙayar bayan kifi. Duk cikinsu babu wanda ake ɗagawa. Kwanta a ƙarƙashinsa ka leƙa, za ka ga abin da nake nufi. Shi ya sa tirelarsu ta asali take da ƙarafan gicciye masu lanƙwasa zuwa ƙasa, da wani keji a baya mai kare farfela.

To a nan ne tokumbo take faɗuwa ko ta tsaya. Yawancin tirelolin jirgi da ke yawo a kasuwa an yi su ne don jirage masu injin baya. Ƙarafan gicciyensu a miƙe suke ko kusa da haka, aksil ɗinsu kuma an ja shi can baya domin nauyin irin waɗancan jirage a baya yake. Ka ɗora naka a kai, farfela ta daki ƙarfe, nauyin inji kuma ya faɗo gaban aksil ya danne bayan motarka. Na taɓa gani da idona a bakin ruwa: ana jawo wani jirgi irin wannan kan tirelar aro, sai muka ji ƙwas. Kunnen farfela ɗaya ya lanƙwashe, sandar ta ɗan goce. Da aka mayar da shi ruwa, jirgin sai karkarwa yake kamar mai zazzaɓi. Kuɗin da aka ce an rage a tirela, har da riba ya tafi wajen neman sanda.

Amma in Allah Ya sa tokumbon da aka nuna maka ta jirgi mai injin ciki ce, mai tsawon da ya yi kusa da naka, to gaskiya ta fi ta mai walda. Injiniyoyi ne suka lissafa ta, tana zaune ƙasa-ƙasa, galibi da birkinta a wuyan ja, wato gabanta da ake maƙalawa a mota, mai kamawa da kansa in mota ta rage gudu. Ka ce a turo maka hoton bayanta daga ƙasa. In ba ka ga kejin farfela ba, an gama magana. Ka kuma nemi hoton ɗan allon da ke manne a wuyanta, inda aka rubuta nauyin da za ta iya ɗauka.

Mai walda shi kuma ƙarfinsa ɗaya ne, amma babba: zai yi ta daidai cikin jirginka, in ka ajiye masa tsohuwar a gabansa ya kwaikwaya. Rauninsa shi ne yawancinsu ƙofa da taga da amalanke suka saba yi, kuma ido suke awo da shi. In ka bar shi da son ransa, dandamali zai yi maka kamar na ɗaukar buhunan shinkafa, ya ɗora a kan tsohon aksil ɗin mota, jirgi ya hau sama kamar raƙumi. Tirela mai tsayi sai ka tura ta cikin ruwa sosai kafin jirgi ya taso, kuma ka san gaɓarmu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan Yawuri yake cika yana ja. Daga tsakiyar rani zuwa farkon damina ya ja baya nesa ya bar laka. Kowane taku da ka ƙara da baya, tayoyin motarka ne ke shiga taɓo.

Sai maganar ƙarfe. Mutane suna jin an ce ta Legas ce, mai ruwan tutiya a jiki, sai su saki jiki. In da gaske mai tutiya ce ko ta alminiyam, madalla. In kuwa fenti ne, a yi hattara, domin ruwan Legas da gishiri, kuma ƙarfe mai siffar bututu daga ciki yake ruɓewa, waje yana ƙyalli. Ka sa wanda ka yarda da shi ya bi ta da ƙaramar guduma, musamman bayanta da wajen maƙalar sifirin. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa buf-buf, kana jin ɓarɓashin tsatsa na zuba a ciki. Mu nan ruwanmu ba gishiri, saboda haka baƙin ƙarfe mai kauri da aka yi wa jan fenti na hana tsatsa ya wadatar. Ka ce wa mai walda ya yi amfani da ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe maimakon bututu, don ruwa ya zube, kuma kana iya ganin tsatsa tun tana ƙarama ka kankare.

Nauyi kam lissafi ne, ba a yi masa kara. Jirgi irin naka yakan kai kilo 1,000 zuwa 1,200 ba komai a ciki. Fetur lita 100 kilo 75 ne. Ƙara batir da anka da tarkace. Tsofaffin jiragen nan kuma soson da ke ƙarƙashin daɓensu yakan sha ruwa, su fi abin da takarda ta ce nauyi. Ita kanta tirelar ta kai kilo 300 zuwa 400. Ka ga an doshi 1,600 ke nan, alhali aksil ɗaya da aka fi sa wa irin waɗannan tireloli na fam 3,500 ne, wato kimanin kilo 1,590. Ba sarari ko kaɗan. In tsakanin gida da kwata kawai za ka riƙa yi, aksil ɗaya mai ƙarfi ya isa, kuma ya fi sauƙin juyawa da hannu a lungu. In kana da niyyar jan sa ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko Argungu lokacin bikin kamun kifi, sa biyu. Taya ɗaya ta fashe a rami, saura uku suna riƙe da kai har ka sauka gefe. Kada ka yi kirdado: kamfanonin casar shinkafa suna da sikelin manyan motoci, ka roƙi alfarma a auna maka.

Bayan an ɗora jirgi, a auna nauyin da ke sauka a wuyan ja da sikelin buhu. Ana so ya faɗa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na duka nauyin, wato kilo 75 zuwa 150 a kan 1,500. In ya gaza, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a titi, abin tsoro ne. In ya wuce, gaban mota ya yi sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Shi ya sa nake so mai walda ya ɗaure maƙalar sifirin da noti, kada ya like ta da wuta, don a iya matsar da aksil gaba ko baya.

Wajen abin da jirgi zai kwanta a kai, ra'ayina a fili yake: katako mai kafet, ba 'yan tayoyin roba ba. Tayoyin suna da daɗin saukewa a ruwa marar zurfi, amma a 'yan wurare ƙalilan suke tokare jirgi, tsohon fiba kuma yakan lotsa in ya daɗe a kansu cikin zafin nan namu. Katakon ya bi ƙarƙashin dogayen ginshiƙan da inji ke zaune a kansu, ya kai har ƙarshen jirgi.

Ƙananan abubuwa, a gurguje. Ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da bakin tirela ke hawa, na Amurka inci 2 ne, milimita 50.8, na Turai kuwa 50 cif. Kusan ɗaya a ido, amma kada a haɗa bakin wannan da ƙwallon wancan, kuma a sa sarƙa biyu. Tayoyin tokumbo ko zanensu bai goge ba, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, mako da shekarar da aka yi su ke nan. In sun wuce shekara 6 a canza. Boris ɗin tayoyinta na awon inci ne, ka sayo na ajiya tun daga Legas, don nan wuya zai yi maka. Ta mai walda kuwa ta fi a nan, kowane mai sayar da kayan mota yana da nata. Kowacce ce, in ka iso bakin ruwa bari boris ya huce kafin ka tsoma, in ba haka ba ya zuƙi ruwa ya wanke giris.

Da ni ne, Alhaji, zan jira hoton nan na bayan tokumbo. In da keji, guduma kuma ta yi ƙara mai kyau, zan saya in canza taya da boris da katako. In babu, in kai wa mai walda tsohuwar, in saya masa aksil da sifirin da bakin ja da kaina, in kuma tsaya a kansa ranar da zai lanƙwasa ƙarafan gicciye. Turo mana lambar da ke bayan jirgin ta hannun dama, mai haruffa da lambobi 12. Biyun ƙarshe galibi su ne shekarar samfurinsa, daga nan sai mu san ainihin nauyin da ake lissafi a kai.