Ƙaramin Majigin LED Na Kasuwa: Zai Iya Aikin Gidan Kallo A Sakkwato?

Idan ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka Sokoto Cinema, unguwa zai sauke ka, ba wurin kallo ba. Kallon taro ya daɗe da komawa gidajen ƙwallo, kuma masu waɗannan gidaje da dama suna shawarar ajiye talabijin su sayi ƙaramin majigin nan na LED da ya cika shagunan kayan lantarki. Hukuncinmu a kansa: kayan falo ne, ba kayan sana'a ba.

Sai an duba yadda tsoffin silimu suke aiki kafin a gane dalili. Yawancin na Arewa fili ne mai katanga, babu rufi sai ɗan abin da ba a rasa ba ta baya, saboda haka ba a fara kallo sai duhu ya yi sosai. Fim ɗin mai faɗin milimita 35 ne, hasken kuwa daga sandunan gawayi biyu yake fitowa, wuta na tartsatsi a tsakaninsu, suna cinyewa mai injin yana matsar da su. Faifai ɗaya ba ya wuce kusan minti 20, shi ya sa ake ajiye inji biyu: wannan na ƙarewa a tayar da wancan. Fim ɗin Indiya mai awa uku ya kai faifai takwas ko tara. Kafin kwafi ya zagayo garuruwa ya iso nan ya sha ƙarce da ɗori, idan ya tsinke a tsakiyar waƙa sai fito da ihu su tashi daga bencin gaba. Amma hasken nan ya isa ya cika ƙaton bango.

Ba injin ne ya kashe harkar ba. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu silimu, waɗanda a da galibi Kwarori ne da Indiyawa. Karya darajar naira daga 1986 ta sa shigo da fim ya yi tsada. Sannan bidiyo ya shiga ɗakuna, finafinan Hausa suka biyo baya daga 1990, mace da yaro suka samu kallo ba tare da an fita ba. Dama can silima ba ta da suna mai kyau a idon dattawa, zuwan Shari'a a 2000 ya tarar da ita ta riga ta jigata.

To, majigin yau. Abin farko da ke yaudarar mai saye shi ne lambar da ke jikin kwali, lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 8,000 ko fiye. Wannan ba ma'aunin ANSI ba ne, wato tsayayyen ma'aunin hasken da majigi ke jefawa kan allo. Haƙiƙanin hasken da ke isa allo a irin waɗannan yakan tsaya ne tsakanin 150 da 300. Wasan Firimiya na ƙarfe uku na rana a rumfar kwano mai ɓuli-ɓuli, ciyawar fili za ta koma toka-toka, ƙwallon ma sai an ƙura ido. Haka rubutun 1080p, lambar da ke nuna kaifin hoto: sau da yawa nufinsa yana karɓar hoton, amma allon cikinsa 720p ne ko ƙasa. A tambayi ainihin na ciki, a kuma sa mai shago ya kunna a ga ko ana iya karanta ƙananan rubutun sakamakon wasa da ke kusurwa.

Babbar matsalarsa a Sakkwato ita ce zafi da ƙura. Cikinsa allon LCD ɗaya ne tak da fitila ke haskawa ta baya, da ledar tace haske manne da shi, ƙaramar fanka ce kawai ke sanyaya su. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano, cikin cunkoson mutane, idan aka jera wasa biyu ko uku ledar nan sai ta fara ƙonewa. Alamarta tabo ne rawaya a tsakiyar hoto, ya riƙa faɗi yana komawa ruwan ƙasa, kuma ba ya goguwa sai an canza. Da hunturu kuma fankar ce ke zuƙo ƙura ta zuba ta kan allon, ɗige-ɗige baƙaƙe su bayyana. Wanda ya riga ya saya ya bar masa sarari aƙalla taƙi ɗaya ta kowane gefe, ya wanke soson matacin iska duk mako ya bushe kafin a mayar, ya rufe shi da ƙyalle bayan ya huce. Kada a goge gilashin gaba da gefen riga.

Sauti ba abin magana ba ne, lasifikarsa ta wat 3 zuwa 5 ce. Sai an haɗa da amfilifaya ta kebul, don Bluetooth na sa murya ta makara a bayan hoto. Idan aka jona dikoda hoto ya fito babu murya, ba lalacewa ya yi ba, da yawansu ba sa karanta tsarin sauti na Dolby ne. A shiga saitin dikoda a mayar da sauti PCM.

Inda ya ci yabo shi ne wuta. Wat 50 zuwa 100 yake ja, ƙaramar inbata ma ta riƙe shi. A tsakar gida bayan Isha'i, a ajiye shi kusan mita uku daga farin bango, zai ba da hoto mai faɗin mita biyu da ɗan ɗoriya, iyali su yi kallo lafiya lau.

Mai gidan kallo kuwa, ko dai ya tsaya kan manyan talabijin biyu, ko ya nemi na hannu irin na ofis mai ƙwan fitila, Epson ko makamancinsa, mai ANSI 3,000. Shi yana jan wajen wat 300, ƙwansa na ƙarewa bayan 'yan dubban awoyi, kuma yankewar wuta farat ɗaya kafin fanka ta gama sanyaya shi tana rage masa kwana, don haka dole a sa masa UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Kafin a biya kuɗi a buɗe saitinsa a duba awoyin da ƙwan ya riga ya ci, a kuma tambayi farashin sabo.