Gargaɗi kan masu sayar da fom ɗin diyya ga waɗanda suka zauna a gidan mari

Ana jan hankalin iyaye da 'yan'uwa a birnin Kano game da wasu mutane da ke bin gidaje, wani lokaci kuma su kira a waya, suna cewa an ware kuɗin diyya ga waɗanda aka azabtar a gidajen mari, kuma su ne aka ɗora wa tattara sunaye. Sukan zo da shiga ta kamala da takardu masu hatimi, su ce wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ta aiko su, sannan su nemi kuɗin fom. Bayan haka sai kuɗin lauya ya biyo baya, daga nan wayarsu ta daina shiga.

Abin da ya sa maganar take shiga kunne shi ne cutarwar ta faru da gaske. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, aka kuma gano irinsa a Daura da Katsina, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan wurare a shekarar. Iyaye da yawa su suka kai 'ya'yansu da hannunsu don neman shiriya, kuma wannan nauyin da ke zuciyarsu shi ɗan damfara yake taɓawa, domin ya san kunya za ta hana su kai ƙara idan ya cuce su.

Mutanen Kano sun san yadda diyya ta gaskiya take zuwa. Bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka. Shekara goma sha biyar ke nan, da shari'a da kwamiti da sanarwa a bainar jama'a. Wanda ya ce zai fito maka da haƙƙinka cikin mako biyu, ka tambaye shi kotun da ta yanke hukuncin da lambar ƙarar.

A ganina asarar kuɗin fom ita ce ƙarama. Suna karɓar lambar BVN da NIN da lambar sirrin da banki ke turowa a waya, suna kuma ɗaukar hoton tabon da ke jikin yaro, wanda za su iya yin bara da shi a intanet ba da saninsa ba.

Mai neman haƙƙinsa ya je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano, inda ake karɓar koke kyauta, ko hukumar da ke ba marasa hali lauya, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ba wanda aka azabtar damar neman diyya. Wanda kuwa ya riga ya biya, ya adana shaidar tura kuɗin da lambar wayar da aka kira shi da ita, ya sanar da bankinsa da mai unguwa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.