Landan ta fi Kano kusa, Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya mutanen Agege, ya jikin Inna? Na sauka lafiya, sai dai sanyi kamar zai fasa ƙashi.

Ka ce in ba ka labarin hanya. Daga filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa na Heathrow a Landan kusan kilomita 5,000 ne, amma awa 6 da rabi kawai muka yi a sama. Da dare muka tashi, aka kawo wata 'yar shinkafa da ko Abba ba za ta ƙosar ba, na ɗan yi gyangyaɗi, gari na wayewa sai ga mu a Ingila. Ka tuna zuwanmu Kano bikin Hadiza? Kilomita dubu da 'yan kai, muka kwana muka wuni a mota, ƙafa duk ta kumbura. In da awa ake auna nisa, wallahi Landan ta fi Kano kusa da Agege. Agogo ma yanzu kun riga mu da awa ɗaya ne kawai, ƙarshen Maris kuma mu daidaita.

Kilishin da Inna ta ƙunsa min bai shiga gari ba. An hana shigowa da nama daga ƙasashenmu. Jami'in ya ɗaga ledar, ya sunsuna, ya ce ƙamshi gare shi, sannan ya jefa a kwandon shara ina ji ina gani. Kada ka faɗa mata.

Sufuri kam sun yi mana nisa. Daga cikin filin jirgin na shiga jirgin ƙasa na layin Piccadilly. Katin banki za ka ɗora a ƙofa ta buɗe, ba kwandasta, ba rigimar canji irin ta danfo a Oshodi. In allo ya ce saura minti 3, to minti 3 ɗin ne. Wuta tun zuwana ba ta ƙifta ba, sai dai kuɗinta na cizo.

Amma duk abin da hannun mutum zai yi maka, nan ake yanka ka. Aski na yi fam 15, kuma ko hira mai askin bai yi min ba. Mai yankan farce, mai shayi a bakin titi, ɗan dako, mai gyaran takalmi da ke bi layi yana buga akwati, ko ɗaya ban gani ba. A unguwar Peckham ta nan Landan akwai doya, manja, har goro, amma goron ya yi yaushi, wanda a kasuwar Agege kyauta ma za a ji kunyar ba ka. Na saya, na ci, na daina juya kuɗin zuwa naira don kada hawan jini ya kama ni.

In an samu mai zuwa, a aiko min da yajin tsire. Kilishi kuwa ku ci a madadina. A gaida Inna da su Abba.