Sharhi kan Schiit Mani 2, ƙaramar amfilifayar garmaho

Abin da ke fitowa daga allurar garmaho ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Kan allura irin wanda ake rubuta wa MM, mai maganaɗisu da ke motsi a ciki, milibolt 3 zuwa 6 kawai yake bayarwa, alhali na'urar CD tana turo kusan bolt 2, wato milibolt 2,000. Ban da haka, ba a yanka faifai da sautin yadda yake. Tun 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka tsaya a kan ma'aunin ƙungiyarsu, RIAA: a rage kaurin sauti da kusan desibel 20 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a can ƙasa, a ƙara siririn sauti da kusan haka a can sama, don kada tsagin faifan ya yi faɗi ya cinye fili, kuma don hucin saman faifai ya ragu idan an mayar da komai wurinsa. Saboda haka aikin ƙaramar amfilifayar garmaho, wadda masu harkar ke kira firi-amf, biyu ne: ta ɗaga siginar, ta kuma warware wannan lanƙwasa. In babu ita, waƙa za ta fito ƙasa-ƙasa, siririya, ba ganga ba bes.

Garmahona ya zo da firi-amf tasa a ciki, kuma na daɗe ina amfani da ita. Tana aiki, amma abu biyu sun dame ni. Idan na ƙara murya sai in ji huci tsakanin waƙa da waƙa, sannan harafin "s" a bakin mawaƙi yana fitowa da kaifi mai gajiyar da kunne. Kan allurar da nake amfani da shi Audio-Technica AT-VM95E ne, mai ba da milibolt 4. Da na tashi neman ta waje, daga takardar wannan kan allura na fara, ba daga jerin waɗanda ake yabo ba, kuma har yanzu ina ganin nan ne ya kamata kowa ya fara.

Dalili shi ne kafasitans, wato yadda waya ko na'ura ke riƙe ɗan cajin lantarki, wanda ake aunawa da fikofarad. A cikin kan MM akwai naɗin waya mai yawa, kuma idan ya haɗu da kafasitans ɗin wayar da ke fita daga garmaho da na ƙofar firi-amf, sai su yi tasiri a kan siririn sauti. In adadin ya wuce kima, sautin yakan yi tsini a wani wuri, sannan ya faɗi da wuri a sama da nan. Audio-Technica ta ce wannan kan yana son fikofarad 100 zuwa 200, jimilla ke nan. To, wayar kaɗai takan cinye kusan 100 a tsawon mita ɗaya. Idan ka ɗauko firi-amf da aka kafe ta a kan 200 ko fiye, ka wuce iyaka tun kafin allura ta taɓa faifai. Mani 2 tana barin mutum ya zaɓa, daga 47 har zuwa 200. Na sa ta a 47, kuma a nan na ji bambancin da ya fi kowanne. Kaifin nan ya kwanta, kuge ya koma ƙarar ƙarfe maimakon feshin iska, muryoyin mata suka daina huda kunne. Ba wani sabon sauti ta ƙirƙiro ba. Kan allurar ne ya samu yanayin da aka ƙera shi domin shi. Mai kan allura Ortofon 2M Red kuwa, wanda kamfaninsa ya ba da 150 zuwa 300, yana da sarari fiye da ni, kuma wannan zaɓin ba zai zame masa dole kamar yadda ya zame mini ba.

Ƙarfin ɗagawa matakai huɗu ne, mafi girma desibel 60. A nan akwai jarabawa, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Desibel 40 na nufin ninki ɗari, wato milibolt 4 ya zama bolt 0.4. Wannan bai kai na CD ba, don haka dole ka ɗan ƙara murya idan ka koma kan faifai, kuma hakan ba matsala ba ce. In ka ɗaga fiye da bukata, ka rage wa na'urar sararin da za ta karɓi ƙarar bazata, sai ɗan ƙwarzane a faifai ya fito kamar bulala. Na bar tawa a mataki na biyu, hucin da nake ji a da kuwa ya tafi ƙasa da ƙarar faifan kansa.

Na kai ta wurin wani abokina mai Denon DL-103, kan allura irin MC wanda naɗin wayarsa ne ke motsi, kuma milibolt 0.3 kacal yake bayarwa. Muka sa desibel 60, ninki dubu ke nan, muka sauke nauyin ƙofa, wato turjiyar da sigina ke tararwa a mashigar firi-amf, daga ohm 47,000 na MM zuwa 200, tunda Denon ta ce a ba shi 100 ko sama. Ta ɗauke shi lafiya lau. Wanda kansa ya fi wannan rauni zai iya duba wata firi-amf, iFi Zen Phono, mai kaiwa desibel 72, ko ya sa taransfoma ta musamman kafin firi-amf.

Akwai kuma matatar da ke yanke sautin da ya yi ƙasa da abin da kunne ke ji. Faifan da ya ɗan kantare yana sa allura hawa da sauka, sai ka ga fuskar lasifika tana shiga tana fita kamar ƙirjin mai haki, ba tare da wani sauti ba. Amfilifaya tana ɓarnar ƙarfi ne a banza. Ina kunna matatar a kan tsofaffin faifaina, kuma ban ji ta taɓa bes ɗin waƙa ba.

Maɓallan saitin ƙanana ne, a ƙarƙashin akwatin suke, sai da bakin biro ake tura su. Ka kashe na'urar kafin ka taɓa su. Siririyar wayar ƙasa ta garmaho kuma ka ɗaure ta sosai a dunƙulen da ke baya, in ba haka ba gurnanin wutar lantarki na haz 50 ko 60 zai biyo ka cikin kowace waƙa. Ni na ajiye akwatin kusa da garmaho, nesa da taransfomar babbar amfilifaya da na'urar intanet, wayar shiga gajera, ta fita ce mai tsawo. Idan garmahonka yana da tasa a ciki, juya maɓallinsa zuwa PHONO don a tsallake ta, sannan ka jona Mani 2 a ramin AUX ko CD. In ka kai ta ramin PHONO na amfilifaya, an yi gyaran RIAA sau biyu ke nan, sautin zai kumbura ya farfashe.

Ba kowa zan ce ya saya ba. Wanda babbar amfilifayarsa ke da ramin PHONO mai shiru, kuma bai ji kaifi ko huci ba, ya fi masa amfani ya sabunta allurarsa, musamman in ta yi ɗaruruwan sa'o'i tana aiki, domin allurar da ta cinye tana lalata faifai kuma babu firi-amf da za ta gyara wannan. Haka wanda garmahonsa ke da firi-amf a ciki amma ba shi da maɓallin tsallake ta, wannan akwatin ba zai yi masa aiki ba. Amma mai kan MM da ke son kafasitans kaɗan, ko mai niyyar komawa MC nan gaba, ya ɗauko takardar kan allurarsa ya duba milibolt da fikofarad da ohm, sannan ya gwada su da abin da Mani 2 ke bayarwa. A wurina alƙaluman sun dace, kunnena ma ya yarda.