Tsinken osiloskof ko waya mai bakin kada: abin da na gani a shagona

Masu gyaran ondilar da caja da talabijin a nan Yamai da dama sun mallaki osiloskof, na'urar da ke zana siffar siginar lantarki a allonta, amma da zarar tsinken awon da ya zo da shi ya karye, sai su nemo wayar BNC mai bakin kada biyu, ja da baƙi, su ci gaba da harka. Ni ma ina da ita. Kwanan baya na sayi tsinke biyu irin P6100, masu 100 MHz a rubuce, na riƙa gwada su tare da bakin kada a kan na'urata mai 50 MHz.

A kan 50 Hz da ke fitowa daga ƙaramin taransifoma, ko sautin amfili da bai wuce 20 kHz ba, ban ga bambanci ko na ƙwayar zarra ba. Wanda aikinsa ya tsaya nan, bakin kada ta ishe shi.

Matsalar tana farawa ne daga nauyin da wayar ke ɗora wa abin da ake aunawa. Mita ɗaya na irin wannan waya yana ɗauke da kusan 100 pF (pikofarad), kamar wani ƙaramin kondansata, ga na bakin osiloskof kansa 15 zuwa 20. A 1 MHz, wannan daidai yake da ka rataya wa allon om 1,300. A 10 MHz ya koma 130. Om miliyan ɗaya ɗin nan da aka rubuta kusa da mashigar osiloskof ya zama labari. Na gwada a kan wani ƙaramin allo mai ATmega328 da kwartz na 16 MHz, wanda kondansatocinsa 22 pF ne kacal. Ina maƙala bakin kada, fitilar da ke ƙiftawa ta tsaya cak. Yaron shagona ya ce, "Maigida, kwartz ɗin ya mutu." Lafiyarsa lau, wayar ce ta shaƙe shi. Da na taɓa ƙafar fita da tsinke a kan x10, wato matsayin maɓallinsa da ke rage sigina sau goma, siginar ta fito kuma fitilar ba ta fasa ƙiftawa ba, domin rezistans na om miliyan 9 da ƙaramin kondansatan da ke cikin tsinken sun rage nauyin zuwa ƙasa da 20 pF ko kusa da haka.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar MOSFET, wato ƙafar da ke kunna wannan taransisto da kashe shi, a cikin ondilar. Za ka ji ana cewa ai 'yan dubban hertz ne, mene ne na tsinke mai tsada? Ba yawan bugun ne abin dubawa ba, saurin tashin siginar ne. In ta tashi cikin nanosakan 10, tana buƙatar hanya mai kusan 35 MHz kafin ta fito da kamanninta. Ita kuwa waya, kowace milimita tata tana da kusan 1 nH, don haka ƙafafun bakin kada biyu masu santimita 15-15 sun zama bobin na kusan 300 nH. Haɗa shi da 120 pF, sai su kama kaɗawa da kansu a wajen 25 MHz. A allon osiloskof za ka ga kan siginar yana karkarwa kamar jikin mai masassara, alhali babu wannan a cikin ondilar. Ina jin ciwon wannan sosai, saboda a kan irin wannan hoton ake cire kayan da ba su lalace ba, mai kaya ya biya kuɗin banza.

Shi ma tsinken bai tsira gaba ɗaya ba. Da doguwar wayarsa ta mas, wato ta ƙasa, karkarwar ta ragu amma ba ta tafi ba. Sai da na zare hular gaba na sa ɗan ƙarfen nan mai murɗi da ke zuwa cikin leda, mas ya koma dab da wurin awo, sannan kan siginar ya miƙe.

Aibinsa kuwa, maɓallin x1 da x10 yana zamewa da ɗan taɓi, kuma a x1 bai wuce 6 MHz ba, nauyinsa ya koma kusan na bakin kada. Ni na liƙe nawa da salatif a kan x10. Dole ne kuma a daidaita shi da siginar 1 kHz da ke gaban osiloskof, a murɗa ɗan kusar har kusurwa ta tsaya daidai, in ba haka ba awon bolt zai yi sama ko ƙasa. Ƙurar hunturu tana shiga ƙugiyarsa ta sa ta tauri.

Kada kowa ya ɗauka tsinke yana raba shi da kuran. Mas ɗinsa a haɗe yake da jikin osiloskof da wayar ƙasa ta soket. A ɓangaren farko na caja ko talabijin, inda 220 ke zama kusan bolt 310 bayan diyod, maƙala shi na iya ƙona allon har da hannun mai awo. Wannan wurin sai da taransifoman rabewa ko tsinke mai auna bambanci.