Kayan zaƙin masu rijim a kantunan Jidda: wanda ya biya kuɗin sabulu da wanda bai biya ba

Kusan kowane babban kanti a Jidda da Makka, Panda ne ko Danube ko Bin Dawood, yana da kanta guda ta masu rijim, wato masu rage ƙiba: cakulan marar sukari, biskit, jeli, da kwalayen sinadaran zaƙi. Na gwada kayan wannan kanta da waɗanda ake haɗawa a gida, ina auna kowanne a sikelin kicin. Abin da na gani shi ne, mafi yawan abin da ke kashe kwaɗayi ba tare da ya ɓata lissafin kalori ba yana wajen firjin nono da wajen 'ya'yan itatuwa. Ita kantar rijim kaya biyu ko uku ne kawai a cikinta suka cancanci kuɗinsu.

Lissafin bai da wuya. Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuwa 9. Cokalin shayi na sukari kusan giram 4 ne, wato kalori 16. Saboda haka duk abin da aka cire wa sukari aka bar masa maiƙonsa, kaɗan aka rage. Abin da ke cika ciki da araha shi ne mai ruwa da yawa ko mai furotin.

Cakulan marar sukari shi ya fi ba ni haushi, kuma shi ya fi tsada. Cakulan na yau da kullum yana kai kalori 530 zuwa 600 a giram 100. Marar sukarin, idan aka juya bayan kwalin, sai a tarar yana kusa da 500, domin man koko yana nan yadda yake. An gudu ba a tsira ba. Abin da ake sawa a madadin sukarin galibi maltitol ne, shi ma yana da kalori sama da 2 a kowane giram, kuma yana ɗaga sukarin jini, sai dai bai kai sukari ba. Babbar matsalarsa ciki ne. Hanji ba ya tsotse shi duka, ragowar sai ta gangara babban hanji ta ja ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su yi ta aiki a kanta. Daga nan sai kumburi da iska, wani ma har gudawa. Ga mutane da yawa giram 20 zuwa 30 a zama ɗaya ya isa ya tayar da ciki, kuma rabin sanda babba na iya kai hakan. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi da ƙananan baƙaƙe a bayan kwalin. Wanda zai shiga Harami ya daɗe, ko zai hau mota zuwa Madina, kada ya kusance shi ranar. Idan cakulan ake so dole, gara baƙin nan mai koko kashi 70 zuwa 85, a ɓallo giram 10, kalori 60 ke nan, a bar shi ya narke a baki. Ɗacinsa ma yana hana a ƙara.

Biskit ɗin daijestib ba abincin rijim ba ne. Ƙwaya ɗaya kusan kalori 70 ce, kuma ba wanda ke tsayawa a ɗaya in ga shayi a gaba. Na wuce shi.

Wanda ya fi kowanne a wurina shi ne yogot mai kauri irin na Girka, wanda ba a sa masa ɗanɗano ba. Almarai da Nada duk suna yin sa, kuma har ƙananan baƙala, wato shagunan unguwa, ana samu. Marar maiƙo yana da kalori kusan 60 da furotin kusan giram 10 a kowane giram 100. Furotin ɗin ne ke riƙe ciki, shi ya sa bayan an sha ba a komawa firji neman ƙari. A kula da mai hoton 'ya'yan itace a jikin roba, yawancinsu an zuba musu sukari.

Ga yadda yake fita da daɗi. A auna giram 170 na yogot. A ɗebi babban cokali ɗaya na hodar koko marar sukari, irin ta yin kek, ba ta shayi mai madara ba. Wannan kalori 12 ne kacal. A fara dama hodar da ruwan zafi cokali biyu har ta yi sumul kafin a haɗa da yogot, domin in aka barbaɗa ta a bushe kan abu mai sanyi gudaji take yi, ga gari-gari a harshe. A sa sinadarin zaƙi ƙulli ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsunkuno, da ɗan garin hel, kayan ƙamshin da ake sa wa gahawa. Gishirin yana danne ɗacin kokon ya fito da zaƙin. A saka a firiza minti 40, a juya sau ɗaya a tsakiya. Kada a bar shi ya kwana a ciki: sukari da mai ne ke hana ayis kirim daskarewa sosai, wannan kuwa ba shi da ko ɗaya, da safe cokali ba zai shige shi ba. Duka-duka kalori 115 ne. Yankan kunafa ɗaya, wani kayan zaƙi na Larabawa, yakan haura 300, kuma ba sai an yi gardama ba, tun 2019 Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a jerin abincinsu.

Na biyu shi ne jeli. Na kwali marar sukari kofi ɗaya bai fi kalori 10 zuwa 15 ba, sai dai ɗanɗanonsa na alawar yara ne, kuma ba ya riƙe ciki. Bayan awa ɗaya an manta an sha shi. Na fi son na zoɓo, wanda a nan ake sayarwa da sunan karkade a wajen masu kayan ƙamshi. A tafasa zoɓo mai kauri a tace rabin lita. A jiƙa jelatin na shanu marar ɗanɗano, garin da ke sa jeli ya kama, giram 10 a ruwan sanyi cokali biyar, a bar shi minti biyar ya kumbura. A zuba shi cikin zoɓon yana da zafi amma bayan an sauke, domin tafasa tana rage masa ƙarfin kamawa. A sa zaƙi, a raba kofi huɗu, a bar shi awa huɗu a firji. Kofi ɗaya bai kai kalori 15 ba.

Inda ake samun matsala shi ne kayan haɗin zoɓonmu. Ɗanyar abarba da ɗanyar citta, haka gwanda da kiwi, suna da sinadarin da ke narkar da furotin, jelatin kuwa furotin ne. In aka markaɗa ɗanyar abarba aka zuba, ko kwana ya yi a firji ruwa zai zauna. Maganin shi ne a tafasa cittar da ɓawon abarbar tare da zoɓon tun farko, zafi yana kashe sinadarin. Kada a saka jeli a firiza don sauri, yana narkewa zai tsinke ya fitar da ruwa. Kuma jelatin yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, don haka ba abin ɗauka a mota zuwa bakin teku ba ne a zafin Jidda.

'Ya'yan itace masu ƙanƙara ba su da wani dogon bayani. Kankana kalori 30 ce a giram 100. A yanka giram 300, a cire 'ya'yan, a daskarar, a markaɗa da ruwan lemon tsami, ga babban kofi cike a kan kalori 90. Inabi 69 ne a giram 100, kuma in ya daskare ba ya ciwuwa da sauri, wannan ce fa'idarsa. Mangwaron Jazan 60. Ayaba 89, ita ce ta fi yin laushi irin na ayis kirim, amma ɗaya ta isa. Duk a ci su da tsokarsu. Da zarar an tace an mai da su ruwa, an zubar da dusar da ke cika ciki, kofi ɗaya ya shanye 'ya'ya uku.

Sai dabino, wanda a ƙasar nan ba yadda za a yi a kauce masa, kuma ban ga dalilin kaucewar ba. Amma a san cewa ba mai ƙarancin kalori ba ne: kusan 280 a giram 100. Ƙananan irin Ajwa ta Madina da Khalas na Ahsa, ƙwaya ɗaya tana tsakanin 25 da 30. Majdul babba ƙwaya ɗaya ta haura 60. Sukkari na Ƙasim, mai laushin nan da ake ajiyewa a firji, shi ya fi yaudara, domin yana narkewa kafin a ankara an ci goma. Ƙanana uku da gahawa kalori 80 ne ko kusa, gahawar kanta ba ta da komai in ba a sa mata madara ba. Abin da ke ɓata lissafi shi ne tsomawa a ɗahina, wato markaɗaɗɗen riɗi: babban cokali ɗaya kusan 90. Mai riƙo da sunnar Ajwa bakwai da safe ya ƙirga su cikin karin kumallo, sun kusa 200, ya rage burodi. Kuma a ɗebo adadin a faranti a mayar da kwalin, kada a zauna da shi a gaba. Zuma da dibis, wato zumar dabino, su ma sukari ne a wajen lissafi. Babban cokalin zuma kalori 64.

Game da su kansu sinadaran zaƙin, kowanne da halinsa. Stebiya ta ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, amma in ta yi yawa tana barin ɗaci a bayan harshe, ya fi fitowa a shayi marar madara. A zoɓo da yogot tsami yana rufe shi. Sukralos ya fi kama da sukari a baki. Aspatam yana rasa zaƙinsa in ya daɗe a wuta, sai bayan an sauke ake sa shi, kuma masu cutar gado ta fenilketonuriya ba sa shan sa. Eritritol zaƙinsa kusan kashi 70 na sukari ne, yana ba harshe wani sanyi-sanyi, kuma ya fi maltitol sauƙi a ciki. Babu ɗayansu da ke yin aikin sukari a kek ko basbusa, kek ɗin Larabawa, domin sukari ne ke riƙe danshi ya ba da launin gashi. In an cire shi duka sai abin ya fito fari a bushe. A rage rabi kawai.

Inda suka fi amfani shi ne shayi. Mai shan kofi huɗu a rana da cokali uku-uku yana shanye kalori kusan 190 bai tauna komai ba. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadarai wajen rage ƙiba na dogon lokaci, shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba, ba ta kuma shafi eritritol da maltitol ba. Ni na ɗauke su a matsayin tsani: a rage rabin cokali kowane mako har harshe ya saba da ƙaramin zaƙi. Ita hukumar cewa ta yi ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar cokalin shayi shida a rana.

A kan kwali kuma, a duba ko adadin da aka rubuta na giram 100 ne ko na rabo ɗaya, domin ƙaramar leda kan ƙunshi rabo biyu ko uku. Rubutun “ba a ƙara sukari ba” ba ya nufin babu sukari, lemon kwali da cincin ɗin dabino suna ɗauke da nasu na asali. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko ƙwayoyi ya nuna wa likitansa kafin ya sauya yawan dabinonsa ko ya fara maltitol, don a daidaita masa magani.